Bargo a Kan Dankalin Fermina

Shekara sittin da bakwai Fermina Sullka ta yi a duniya, ba ta taɓa ganin an yi wa dankali gata irin na safiyar nan ba. Ta fito tun rana ba ta leƙo ta bayan dutse ba, ta zaga bayan garken tumaki zuwa filin da ta baza dankalinta, tana sa ran ta tarar da shi ya sandare kamar tsakuwa. Sai ta iske filin ya koma shuɗi. Tamfol ne manya guda uku, na wajen aikin makaranta, an ja su an rufe dankalin ruf, an danne gefe da duwatsu don kada iska ta yaye. Inda tamfol bai kai ba an shimfiɗa barguna. Har da wani jan bargo mai zif, irin wanda baƙin yaran da suka sauka a ƙauyen suke shiga ciki su kwana, an buɗe shi an baje, an lallaɓa gefensa kamar an kwantar da jariri.

A saman tamfol ɗin kuwa ƙanƙara ce kwance fari fat. Ɗarin da ta yi mako uku tana roƙo ya sauko jiya da dukkan ƙarfinsa, ya tarar an rufe masa ƙofa.

Ta durƙusa ta cusa hannu ƙarƙashi ta ɗauko guda ɗaya. Laushi tiɓis, ga ruwa yana tsattsafowa ta bawonsa.

"Wayyo Allah na," ta ce. "Wane mai ƙaunar tawa ne ya kashe ni?"

Ko yaron goye a ƙauyen Wayllapata ya san dankali mai ɗaci ba ya ciwuwa sai ɗari ya gama da shi. Kwana uku a jere zai daskare da dare ya narke da rana, sannan a taka shi da ƙafa a matse ruwan ɗacin, a shanya shi ya bushe ya zama cunyo, baƙi, mai tauri, wanda zai shekara goma a rumbu bai yi komai ba. Na Fermina ya samu dare ɗaya, an hana shi na biyu. Dankalin da ya daskare sau ɗaya ya narke kuwa ba ya jiran kowa. Ko ya sake daskarewa, ko ya ruɓe.

Buhu goma sha huɗu ne a filin nan, kuma ba abinci kaɗai ba ne. Bara ɗari bai sauko da kyau ba, rabin nata ya lalace, ta ƙarasa shekara da taliyar da ɗanta Valerio yake aiko mata daga birnin Arequipa, inda yake tuƙin motar haya. Da ya zo ya ga yadda ta rame, sai ya kafa mata sharaɗi a tsaye a bakin ƙofa. "Mama, bana in rumbun nan bai cika ba, zan zo in ɗauke ki. Ba zan bari a ce uwata tana kwana da yunwa a kan dutse ba." Ta san gidan nasa. Ɗaki ne a hawa na uku, tagarsa tana kallon bangon wani, babu tunkiya, babu kabarin mijinta, babu inda mutum zai zauna a ƙasa. Sati biyu ta taɓa yi a can, ta dawo kamar wadda aka sako daga kurkuku. Ƙarshen watan Yuli ya ce zai zo, saura kwana ashirin ke nan.

Tana nan durƙushe sai ta ji gudu a bayanta. Korina ce, baƙuwarta, ta taho tana haki, fuskarta cike da murna.

Su goma suka zo a farkon watan, 'yan makaranta daga wata ƙasa mai nisa, su yi hutunsu suna gina wa makarantar ƙauyen ɗakin leda na shuka kayan lambu. Aka rarraba su gida-gida, Fermina ta samu wannan. Shekararta goma sha shida, doguwa kamar sandar tuta, sai ta sunkuya take shiga ɗaki. Kuma maganar gaskiya, yarinya ce ta kirki. Duk abin da aka zuba mata sai ta cinye ta suɗe kwano. Ta ɗebo ruwa, ta tsinto kashin dabbobi na hura wuta ba ta yamutsa fuska ba. Ɓerayen Masar da ake kiwo don nama suke yawo a ɗakin girki sun firgita ta ranar farko, kafin sati ta raɗa wa kowanne suna, abin da ya sa Fermina ta koma yanka su a ɓoye. Kalmomin Kecuwa, yaren ƙauyen, da ta iya ba su fi talatin ba, amma kullum tana aiki da su kamar ta iya dubu.

"Mama!" ta ce, tana nuna filin. "Sanyi, babba! Ni na rufe. Dankali bai mutu ba!"

Fermina ta miƙe. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta yi ba tun ranar da aka binne mijinta. Ta kamo hannun yarinyar, ta ɗora mata dankalin a tafi, ta matse hannun da nata har ruwan ya zubo ta tsakanin yatsunsu.

"Ke wa ya aike ki? Wa ya sa ki? Na ce miki ina neman mai renon dankali?"

Korina ba ta gane kalmomin ba, amma ta gane muryar. Murmushin ya gudu daga fuskarta.

Ana cikin haka sai ga Anacleto, ƙanin mijin Fermina, ya biyo da tumakinsa. Ya tsaya ya kalli filin, ya kalli matan biyu, sai ya riƙe ciki ya tuntsire da dariya.

"Kai, matar Yaya! Ashe haihuwa kika yi ba mu ji ba? 'Ya'ya dubu a dare ɗaya, duk an lulluɓe su! Yaushe ne suna?"

"Anacleto, in ba ka rufe bakin nan ba zan cusa maka ɗaya a ciki."

Ya sunkuya ya taɓa dankalin da kansa. Dariyar ta tsaya cak. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda wasu siraran gizagizai suka fara tasowa daga wajen kurmi, ya cire hularsa ya sosa kai.

Aka kira Wilber, matashin nan ɗan Cusco da yake jagorantar baƙin yana musu tafinta. Korina ta yi masa bayani da sauri, shi kuma ya juya wa Fermina.

"Mama, ta ce a garinsu kakarta tana da lambun tumatir. Duk daren da aka ce ƙanƙara za ta sauko, sai gidan duka a fita da zannuwan gado a rufe shuka, in ba haka ba da safe an rasa komai. Jiya bayan cin abinci ta fita ta ji yadda sanyi yake cizo, ta tuna dankalinki yana waje. Ta zaci tsufa ne ya hana ki kwashewa, kuma kunya ta hana ki roƙo. Shi ne ta kira ƙawayenta biyu suka kwaso tamfol."

"Tsufa!" in ji Fermina. "To gaya mata. Gaya mata duka, kada ka rage mata komai. Har maganar Valerio."

Wilber ya gaya mata. Fermina tana kallon fuskar yarinyar tana jira ta fashe da kuka, don ta san halin yaran birni, su yi ɓarna su yi kuka a koma lallashinsu. Korina ba ta yi ba. Ta yi fari fat, ta juya ta fara ɗage duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta yaye tamfol ɗin ta naɗe. Da ta gama sai ta dawo ta tsaya gaban Wilber ta yi tambaya guda.

"Tana tambaya, yau da dare ɗarin zai dawo?"

"Ba ta ga gajimare ba? Daren da sama ta rufe ɗari ba ya saukowa. Nan da kwana huɗu ma ba zai dawo ba," in ji Fermina.

"Ta ce, babu inda yake saukowa ko ina?"

Fermina ta yi tsaki. Anacleto ne ya amsa, yana nuna sama da haɓarsa. "Akwai bakin Baƙin Tafki. Can gajimare ba ya kaiwa. Can iyayenmu suke yin nasu kafin mu lalace mu koma bayan garke."

"Tafiyar awa huɗu ce a tsaye," in ji Fermina. "Ga dankali jiƙe, kowane buhu nauyin mutum. Da me zan kai? Da dabbobin dakon nan naka, lama biyar masu girman kai, da in ka ƙara musu dankali ɗaya kan abin da suka yarda sai su zauna su tofa maka yawu?"

"Dabbobina ba su yi miki komai ba, matar Yaya."

Kowa a ƙauyen yana fama da nasa dankalin a makon nan, babu wanda za ta iya buɗe baki ta roƙa. Ta juya ta koma gida, ta zauna gaban murhu ba ta hura wuta ba. Tana ta lissafin wa za ta bar wa tumaki, wa zai riƙa share kabarin. Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba.

Ba a yi awa ɗaya ba ta ji hayaniya a bayan garke. Ta leƙa. Yaran nan goma ne duka a filin, sun durƙusa suna tsince dankali suna zubawa a barguna, Anacleto yana nuna musu yadda ake ɗaure kaya a baya a ƙulle a ƙirji. Wilber ya taho wajenta yana share gumi duk da sanyin.

"Mama, ni dai na ce musu ba a ba ni izinin kai su can sama ba. Yarinyar nan ta ce to in zauna, ita za ta tafi ita kaɗai, ta yi sawu nawa ne ma. Sauran suka ce ba za su bar ta ba. Yaya zan yi? Na bi su."

Fermina ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta na ɗaukar kaya, ta dafa tulin masara da wake ta ƙulle, ta fito.

Hawan nan, wanda bai yi shi ba kada ya sa baki. Mu da aka haifa a nan ma sai mun tsaya mun nemi numfashi, balle yaran da suka tashi a bakin teku. Kafin rabin hanya biyu sun yi amai. Wani ƙato a cikinsu, mai faɗin kafaɗa, wanda da safe yake cewa a ƙara masa kaya, ya zauna kan dutse ya dafe kai yana kiran uwarsa. Anacleto ya tsinko masa ganyen ƙamshi ya murza ya sa masa a hanci, ya ce, "Tashi, jarumi, ga tsohuwa ta wuce ka." Ko da bai ji yaren ba, ya ga Fermina ta gifta shi da kayanta tana kaɗa zare a hannu, sai ya miƙe.

Korina ce a gaba, bayan lama. Wajen mashigar duwatsu haɓo ya ɓalle mata, jini ya ɓata gaban rigarta. Fermina tana gani daga baya ta tsaya, ta ciro ɗan gashin tunkiya da ya maƙale a ƙaya, ta cusa a hanci, ta gyara kayanta ta ci gaba. Ba ta waiwayo ta ga ko an gan ta ba.

Anacleto ya rage tafiya har Fermina ta iso shi.

"Kin lura da jan bargon nan da yake kan dankalinki?"

"Na gani. Sai me?"

"Nata ne. Da barguna biyun da kika ba ta. To da me kike jin ta kwana jiya, a daren da ruwan kwarya ya zama dutse?"

Sai yanzu Fermina ta tuna leɓen yarinyar da safe, shuɗi-shuɗi, da yadda haƙoranta suke haɗuwa tana cewa dankali bai mutu ba. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

"Wawuya," ta ce a hankali. Amma ba irin muryar safe ba ce.

Sun isa bakin tafkin rana ta karkata. Nan sama take garau, gizagizan suna can ƙasa da su kwance a kwari. Suka baza dankalin a kan busasshiyar ciyawa, ɗaya ba ya hawa kan ɗaya, Fermina tana bi tana gyarawa tana faɗa. Buhu uku sun rage a ƙasa, Anacleto ya ce zai koma da lama ya kawo su da sassafe. Fermina ta yayyafa ruwan tafki a kai, ta zaɓi ganyen koka, wanda ake roƙo da shi, guda uku masu kyau ta hura su wajen dutsen, ta roƙe shi ya saki ɗarinsa. Wilber ya tattara yaransa za su sauka kafin duhu. Korina ta zauna a bakin bukkar makiyaya ta duwatsu ta ce ita ba inda za ta. Aka yi, aka yi. Daga ƙarshe Fermina ta ce, "Bar ta. A wajena take, ni zan riƙe ta."

Da gari ya waye Fermina ta kasa fita. Ƙafafunta lafiya lau, zuciyarta ce ta ƙi. Ta taɓa yarinyar ta nuna mata ƙofa. Korina ta fita. Shiru, shiru, sai Fermina ta ji wata ƙara daga waje, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta leƙa. Yarinyar ce tsaye a tsakiyar fili fari fat, dankali ɗaya a kowane hannu, tana buga su da juna, suna ƙara kamar duwatsu. Sai a lokacin ta yi kukan, tana yi tana dariya, majina da hawaye duk sun haɗu.

"To ya isa, ya isa, 'yar nan," in ji Fermina. "Kada ki narkar min da shi."

Dare uku suka samu, kowanne ya fi na baya cizo. Rana ta huɗu aka tara shi tsibi-tsibi aka cire takalma. Ruwan da yake fita daga dankalin nan sanyinsa har ƙwaƙwalwa yake kaiwa. Korina ta taka na farko ta yi ƙara ta yi tsalle gefe, Anacleto ya faɗi ƙasa don dariya. Ta dawo. Fermina ta riƙe mata hannu ta nuna mata, da dunduniya ake murzawa, a juya, bawon ya saluɓe, ba tsalle ake yi a kai kamar akuya ba. Kafin azahar ta kama. Kafin yamma dunduniyarta ta tsage, faso ya buɗe har yana jini, ta ƙi sauka. Anacleto ya ce da ƙafa irin wannan, faɗinta kamar faranti, ai asara ce a bar ta ta koma makaranta.

Ba duka ya tsira ba. Wanda ya kwana ƙarƙashin tsakiyar tamfol, da buhu ukun da suka makara, sun riga sun yi tsami, suna wari. Buhu huɗu cur Fermina ta ware gefe, ba ta kuma ɓoye wa yarinyar ba, don ba ta ga amfanin a yi wa mutum ƙarya a kan abin da hannunsa ya yi ba. Korina ta tsaya ta daɗe tana kallon tulin. Sannan ta kwashe shi da kanta ta kai nesa da mai kyau.

Sati biyu ya yi yana bushewa a can. Da ya bushe ba shi da nauyi, lama biyar ɗin nan suka sauko da shi a sawu ɗaya suna taƙama.

Valerio ya iso ana gobe baƙin za su tafi. Fermina tana zaune a ƙofar gida tana shafa wa ƙafar Korina kitsen tunkiya tana naɗewa da tsumma, sai ta hango shi yana hawowa daga inda mota take tsayawa, da wani ƙaton akwati a hannu. Yadda yake lilo da shi ta san babu komai a ciki. Na kwashe kayanta ne ya kawo.

Ya gaishe ta, ya sumbaci hannunta, ya wuce kai tsaye zuwa rumbu. Ta bi shi. Cunyon ya kai mata ƙirji, bai kai baki ba, kuma duk wanda yake da ido ya ga bai kai ba. Ya tsaya yana kallo. Ya sa hannu ya ɗauko ɗaya, ya juya shi, ya shinshina, ya gatsa da haƙori.

"Wannan ba na bayan garke ba ne."

"Na bakin Tafki ne."

"Tafki? Mama, wa ya kai miki buhu goma sha huɗu Tafki?"

Ta nuna ƙofa da baki. Ya juya ya ga doguwar yarinyar zaune a kan dutse, ƙafafu a naɗe da tsumma, hancinta ya saɓule saboda rana, tana ɗaga masa hannu. Fermina ta ba shi labarin duka, har tamfol ɗin, har haɓon. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafun nan.

"Bai cika ba, Mama," ya ce.

"Na sani. Amma zai kai ni."

"Bana zai kai ki. Baɗi fa? Ita gobe za ta tafi, ba za ta dawo ba. Wa zai hau miki?"

Fermina ta tsaya hannunta a kan bakin rumbu tana jiran ya ce ta haɗa kaya.

Valerio ya sake duban yarinyar. Ya dubi nasa ƙafafun, cikin baƙin takalmi mai sheƙi da ya saya don zuwa gida. Rabonsa da Baƙin Tafki tun yana ɗan shekara tara, a bayan ubansa. Ya ja numfashi, ya durƙusa ya buɗe akwatin a ƙasa.

"Zuba wa jikokinki kaɗan, sun manta ɗanɗanonsa," ya ce, bai ɗago ba. "Baɗi in ɗari ya kusa, ki sa a kira ni. Zan ajiye motar in taho da su. 'Yar mutane ta tsaga ƙafarta a kan abincin uwata, ni ina can ina danna oda."

Fermina ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. Ta ɗauki ƙwarya ta fara ɗiba.

"Korina!" ta ƙwala kira. "Taso, 'yata, zo ki riƙe min bakin akwatin nan."